Zinariya da Gashin Fiffiken Hagu

Zinariya 'yar Gagarawa Tasha ce. Aure ya kawo ta Gumel a shekarar 1989, gidan Habibullah direba, wanda katanga ɗaya ta raba da nawa. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, sai ta kama figar kaji a cikin gida. Masu sayar da abinci da masu biki kan aiko mata da kaji da zabi da agwagi yankakku, ta fige, ta gyara, ta mayar. Ba ta taɓa zama a aji ba.

Autarta Sharifa ta koyi wasan badminton a ɗakin cin abinci na makarantar 'yan mata, inda nake ɗaura raga bayan na yi ritaya. Ni a makarantar mishan na koye shi, a hannun malamin da ba ya yarda a fara sai an auna raga: ƙafa biyar a tsakiya, ba ƙari. A lokacinmu ƙwallon gashin tsuntsu muke bugawa, fara tas. Yanzu a nan ta roba kawai ake samu, da ita Sharifa ta cinye 'yan matan jiha kaf.

Shekara uku da suka wuce aka kai ta gasar ƙasa da ƙasa a Abuja. Wasanta na farko ya faɗo da wata mata haihuwar ƙasar Sin, wadda ta bar gida tana da shekara ashirin saboda gwanaye sun yi yawa a can, ta koma tana buga wa wata ƙasar Turai. Ta yi wasa a nahiya huɗu. Cikin minti goma sha tara ta gama da Sharifa, ashirin da ɗaya da huɗu, ashirin da ɗaya da shida. A irin wannan gasa ƙwallon gashi ake bugawa. Ta roba takan yi nisa ta sauko a karkace, ta gashi kuwa sai ta tsaya a sama ta faɗo tsaye. Iska Sharifa ta yi ta duka.

Bayan wasa matar ta same ta, ta nuna ƙafafun Sharifa ta ɗaga babban yatsa, ta nuna hannunta ta girgiza kai, sannan ta ba ta ƙwallaye goma sha biyu da aka riga aka karya musu gashi.

Sharifa ta dawo ta rataye raket, abin buga ƙwallon, a bayan ƙofa.

"Inna, na bari," ta ce. "Ba zan koma baɗi a sake yi mini dariya ba. Da me zan yi atisaye? Da waɗannan gawawwakin?"

Zinariya ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. "Auta, wannan abin ne ya sa ki kuka tun daga Abuja? Ai gashin agwagwa ne. Abin da nake sharewa kullum."

Washegari ta aiko a kira ni. Na faɗa mata ƙa'ida: gashi goma sha shida, tsawon kowanne inci biyu da kwata uku, ɗauri biyu na zare. Ta tuge karyayyun da basilla, ta bar kawunan ƙwallayen, ta yanke sabon gashi da almakashi, ta dasa da gam. Kwana huɗu ta gama uku.

Muka kai makaranta ranar Asabar da hantsi, aka rufe tagogi. Sharifa ta buga. Ƙwallon ta tashi tana wutsil-wutsil kamar kazar da aka yanka, ta faɗi a gefe. Ta biyu ma haka. Na sake aunawa, na sake ƙirgawa, ban sami kuskure ba. Sharifa ta ɗauki hijabinta ta fita.

Zinariya ba ta auna ba. Ta zauna a benci da ta 'yar Caina, kamar yadda take kiran matar, a hannu ɗaya, tata a ɗayan, tana shafa gashin da babban yatsa.

"Malam," ta ce, "kai da ma'auninka, ba ka ga duk nata sun kwanta gefe guda ba? Fiffike ɗaya ne, na hagu. Ni na cakuɗa hagu da dama, suna faɗa da juna a sama."

Shekara sittin ina riƙe wannan ƙwallo ban sani ba. Ita shekara ashirin tana tuge gashi daga fiffike, yatsunta sun san lanƙwasar kowane ɓangare.

Sai dai gashi shida ne masu kyau a fiffike ɗaya, wato agwagwa uku ƙwallo guda, nata na gida ba zai isa ba. Ranar Alhamis ta hau mota zuwa kasuwar Maigatari, wurin Ubale, mutumin Ɗanzomo mai sayar da agwagi yana fige wa masu saye.

"Hajiya, na hagu kaɗai?" Ubale ya ce. "Agwagina fiffike biyu Allah ya ba su. Ko wani malami ne ya aiko ki?"

"Malamin yana Caina. Na daman ka kai wa matarka ta yi mafici, ko ta huce da surutunka."

'Yan rumfa suka tuntsire da dariya. Amma daga ranar Ubale yake ware mata a leda, duk Alhamis.

Sabuwar ƙwallon ba fara ba ce, rabi baƙi rabi fari, irin agwagin nan namu. Sai da na lallashi Sharifa ta koma ɗakin. Ta buga ba da son rai ba. Ƙwallon ta tashi tana juyawa sumul, ta tsaya a sama, ta faɗo tsaye a kan layin baya. Sharifa ta daɗe tana kallonta.

"Inna, guda nawa za ki iya a mako?"

"Nawa za ki iya karyawa?"

Wata goma suka yi a haka, 'ya tana karyawa, uwa tana dasawa. Da gasar ta zagayo, Sharifa ta doke wata 'yar Ghana a zagayen farko, aka fitar da ita a na biyu da tazarar maki uku, kuma aka rubuta sunanta cikin waɗanda za su shiga sansanin 'yan wasan ƙasa.

Ina gidansu lokacin da Sharifa ta bugo waya. Hannun Zinariya duk ruwan zafi da gashi, ni na riƙe mata wayar a kunne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Alhamdu lillahi. To kin ci abinci?"

Da na kashe, ta ce, "Malam, waɗancan ƙananan da kake koya wa yanzu, su nawa ne?"

Na ce tara.

"Daga gobe kada ka sake ba su roba."