Injiniyan da Ya Kama Agogon Bango

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Laraba, tara ga watan jiya, matarka ta kira ni ta ce ka cika, bayan jinyar da duk muka ɗauka zazzaɓi ne kawai. Injiniya, ta'aziyyarka nake rubutawa, amma wallahi da na tuna ka sai murmushi ya riga hawaye.

Ni ke kula da cibiyarmu ta jarrabawar kwamfuta. Bara kwamfutocinmu suka riƙa rufe wa ɗalibai jarrabawa tun lokaci bai cika ba, ɗalibi na tsakiyar amsa sai allon kwamfuta ya ce an tashi. Hukumar jarrabawa ta ja mana kunne: in aka kuma, za a ƙwace mana lasisi, waɗanda suka yi rajista da mu kuma shekararsu ta tafi a banza. Hankalina a tashe na nemo ka.

Ranar farko ka gano babbar kwamfutar da sauran ke bi ba ta karɓar lokaci daga intanet, domin shingen tsaron da aka sa wa kwamfutar ya toshe hanyar. Ka buɗe, ka gyara saiti. Washegari aka ɗauke wuta, aka tada janareto, kwamfutar ta sake tashi, gyaran ya ɓace kamar ba a yi ba. Ni ina tunanin lasisinmu, kai kuwa har da murza hannu, kamar an yi maka albishir da haihuwa. Ka ce yanzu aikin ya yi daɗi.

Sai ka ja kujera ka zauna kana kallonmu kawai. Can mai kula da zauren jarrabawa ta shigo, ta ga agogon kwamfutar ya kauce, ta ɗaga kai ta dubi na bango, ta saita da hannu yadda ta saba. Wannan agogon kuwa shugabanmu darakta ne ya tura shi gaba da gangan don kada ma'aikata su makara. Kowa ya sani, kowa yana ragewa a ransa in zai duba lokaci. Ka faɗo ofishina ko sallama babu, kana haki, ka ce, "Yallaɓai, na kama ɓarawon, yana rataye a bango! Duk kun san ƙarya yake yi, kwamfuta ce kaɗai ba ku gaya wa ba!"

Kafin la'asar ka gano inda gyaranka ke zuwa: wata manhaja ce ke sake rubuta saitin daga tsohon kwafinta duk lokacin da aka kunna. Ka gyara daga tushe, ka kashe ka kunna, ka sake kashewa, kana kiran kowa ya zo ya gani. Da darakta ya so sallamar matar nan, kai ka tsaya mata, ka ce taimako ta yi niyya, ka kuma koya mata aikin da kanka.

Ba ka kai ranar jarrabawar ba. Matarka ta ce ko a gadon asibiti tambayarka ke nan, ko an gwada da zaure cike. To, Injiniya, an gwada ranar Asabar. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, aka tada janareto, kwamfutocin suka tashi da lokacinsu daidai. Kowane ɗalibi ya gama amsarsa! Na yi ta kabbara a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Ɗaliban nan sun fita suna ta murna, ba wanda ya san ka a cikinsu, don haka na tare su a bakin ƙofa na ce su yi maka addu'a, kuma sun yi.