Takardar Neman Aikin Ilu Ɗanhaye

Yau shekara goma sha tara cif da muka kai abokina Ilu Ɗanhaye makwancinsa a nan Inugu. Ya bar ni da sanda da fansho da haƙora huɗu waɗanda ko ya dawo ba za su iya da tsirensa ba. Na ce bari in rubuta wani abu a kansa a jaridar nan, tunda ni ma na yi boko, aji uku na elementare, kuma har yau ba wanda ya zo ya ƙwace.

Ilu ba ɗan mahauta ba ne. Ɗan malamai ne daga ƙasar Zazzau. Ya gama makarantar midil ya zama akawu a wani ofishin Turawa, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai, ni kuma masinjan ofishin. In ya ratso unguwarmu ta Hausawa da farar riga da igiyar nan da Turawa ke shaƙe wuyansu da ita, har fataken shanu gyara zama suke yi. Amma ni da ke kai masa fayil na san ramewa yake. Yini yake yana kwafe wasiƙar da wani ya rubuta wa wani kan abin da bai dami kowa ba. Ranar Asabar kuwa da an tashi, sai ka same shi tsugune a rumfar mahauta yana kallon fiɗa kamar mai kallon dambe.

Da ya ce min ya ajiye aiki zai shiga fawa, na ce, "Ilu, ko a karɓo maka rubutu ne? Fawa gado ce. Ɗan malam guda ka bar kujera ka yi haye cikin jini?" Ya ce, "Sale, shekara shida ina kan kujerar nan, ban taɓa yin abin da wani ya ci ya ce madalla ba."

To, ga inda boko ya kayar da shi. Mai son shiga fawa goro yake ɗauka, ya sa dattijo a gaba, a je a gai da Sarkin Fawa. Ilu sai ya buga takardar neman aiki da tafireta, da Turanci, har da ambulan. Sarki ya jujjuya ta, ya sa aka kira ni a matsayin masani. Na gyara murya na karanta, "Ai beg tu afilai," na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce bara yake yi." Na duba ƙasa na ƙara, "Kuma wai shi bawanka ne mai biyayya." Rumfa ta kece da dariya. Ilu ya yi tsuru-tsuru, don kujera ya riga ya bari, in aka kore shi nan ya zama ba tsuntsu ba tarko.

Sarki ya zaro tsire tsinke uku masu zafi, ya naɗe su a takardar, ya miƙa masa. "Malam Akawu, ga amsar takardarka. In da gaske kake, gobe da sassafe ka zo wankin tumbi."

Wata bakwai yana wankin tumbi da hanji. Masu gyara masa zama suka raɗa masa Ɗanhaye, mahaifinsa ya daina amsa wasiƙa. Amma wallahi a cikin watannin nan na ga kumatun Ilu sun ciko. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ranar da Sarki ya damƙa masa wuƙa, ya yi kukan da bai yi ba da aka ba shi satifiket. Mahaifin nasa ma daga baya ya aiko da saƙo: a riƙe salla, a kuma aiko da kilishi.

Da rikicin yaƙin basasa ya kora mu Arewa, ni na baro tebur a Inugu, shi ya tafi da ofishinsa a kube. Kafin mako ya kafa tukuba, ita ta ciyar da gidansa da nawa har muka dawo.

Yau nakan ga samari masu digiri a unguwar Uwani suna jan okada, wato acaɓa, suna ɓoye fuska, wasu kuma a ofis suna tsaki tun Litinin. Da Ilu na nan, ba na jin zai ce kowa ya ajiye aiki. Tambaya ɗaya yakan yi: in an tashi, ina ƙafarka ke kai ka? Tawa gida take kai ni in kwanta, shi ya sa na yi shekara talatin a masinja ban rame ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Me ya rage na Ilu? Wuƙar tana hannun ɗansa Bala, wanda in ka taɓa shi zai buga ƙirji ya ce shi gada ya yi, ba haye ba. Ba na ƙaryata shi, don hayen uba shi ne gadon ɗa.

Na san tsohuwar jarida a wurin mai tsire take ƙarewa. Bala, in shafin nan ya zo hannunka, kada ka ji nauyina. Naɗe tsinke uku masu zafi ka aiko min, in tsotsa. Amsar da gidanku ke ba takarda ke nan. Allah ya jiƙan Ilu, ya sa ya huta.