Taku na Bakwai

Shekarar da albasa ta yi yawa a Goronyo, wata malama ta zo daga jami'a tana binciken yadda dako ke cin jikin mutum. Ni anka haɗa ta da ni, don na san 'yan dakon kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Aikina in ɗaura musu na'urori, ƙanana kamar kwalin ashana, a ƙwabri da cinya da ƙugu. Bisa kowace na rubuta dama ko hagu da ajami, don kada in rikice.

Bayan la'asar mukan kwance su, ta zuba abin da sunka tara cikin kwamfuta. Ranar farko na leƙa, ban ga komi ba sai sifiri da ɗaya, jere kamar tururuwa.

"Malama, mi ke nan?"

"Tafiyar mutum ce, Baba."

Ta ce sai an yanka su gunduwa-gunduwa bisa ƙa'ida: gunduwar farko lokaci, ta bayanta girgiza, sannan juyawar gaɓa. In ka goce da ɗaya, duk karatun ya ɓaci. Wanda ya saba da rubutu marar wasali ba ya tsoron irin wannan. Kafin mako biyu, in ta mai da lambobin zane, ina gane inda mutum ya ɗauki buhu da inda ya hau katakon mota. Na ji daɗin kaina ƙwarai, Allah Shi yafe mini.

Cikin 'yan dakon akwai tobashina, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara nike kiran shi bawana, shi ko ba ya da ikon fushi, haka al'ada ta aje. Da dakon nan yake ciyar da gida mai baki tara.

Zanensa ya bambanta. Kowane taku na shida ko na bakwai, gwiwar hagu takan sake, ƙugu ya karkace ya tare ta. Ido ba ya ganin wannan. Lokacin azahar kuma cinyoyinsa ba su miƙe ba ko sau ɗaya. Nan na gane abin da ke kai shi bayan buhuna shi kaɗai: zaune yake salla.

Malamar ta rufe kwamfutar. "Baba, wannan amana ce. Ni zan yi mashi maganar asibiti, a keɓe."

Na ce to.

Ranar kasuwa anka taru ana lodi, sarkin dako na zaɓen masu hawa katako. Tobashina ya wuce da buhu, ya ce, "Malamin kwalin ashana, yau mi ka karanto?"

Mutane sunka yi dariya. Dariyar ta sosa ni.

"Na karanto bawana na sallar tsohuwa," na ce. "Ku ƙirga mashi taku, ku dubi gwiwar hagu. Bai kai bakwai."

Ya yi dariya, don dole ya yi. Amma sarkin dako bai yi ba. Ya nuna katakon da haɓa.

Tobashina ya hau. 'Yan dako sunka ɗauki ƙirga da ƙarfi, suna tafi. Ɗaya. Biyu. Ni ma bakina na motsi. Ga na shida gwiwar ta sake. Bai faɗi ba, ya kai buhun har cikin mota, ya sauko yana murmushi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Amma kowa ya gani, tunda an gaya musu inda za su duba.

"Huta, dattijo," in ji sarkin dako. "Albasar mutane ce."

Ba a sake kiran shi lodi ba. Malamar ta karɓe na'urorinta daga hannuna.

Yanzu yana zaune gefen rumfa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Yara na kiran shi Bai-kai-bakwai. Bara, da azumi ya gabato, na je na durƙusa gabansa.

"Ɗan'uwa, ka gafarta mini."

Bai aje albasar da ke hannunsa ba.

"Gafarar mi, ubangidana? Wasa ne. Ai na yi dariya, kowa shaida ne."

Na koma sau uku. Amsar ba ta canza ba.