Malam Sha'aban Da Rufin Motar Babanmu

Da an idar da sallar asuba, Malam Sha'aban ba ya komawa gida. Yakan tura kekensa har garejinsa da ke kan hanyar Misau, ya share da hannunsa gindin dogonyaron da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya jera guduma da sifanoni a kan buhu, sannan ya aika a kawo masa koko da ƙosai. Shekara talatin da huɗu yana haka a Azare, yana walda da gyaran bodin mota. A watan nan ya ce idanunsa sun gaji da hasken walda, zai ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauki biro.

Masu walda suna da yawa a garin nan. Abin da ya raba shi da su, shi rufin mota yake yankewa ya mayar da shi falle-falle, a kwance noti a sauke idan ana so, a mayar idan rana ta yi zafi ko hadari ya taso. Hajiya Fanna mai sayar da dashen mangwaro da gwaiba ta san amfaninsa. A da, kafin direbanta ya isa Gololo rabin dashen ya kakkarye a ƙarƙashin rufi. Yanzu a tsaye suke tafiya, kuma duk inda ta zauna sai ta ba da labarin, ko ba a tambaye ta ba.

Yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta. Idan ya gama rufi, sai ya saka farar shaddarsa ta Juma'a, ya shiga motar ya rufe ƙofa, ya ce mai motar ya kwara ruwa bokiti goma a sama. In ɗigo ɗaya ya taɓa rigar, motar ba ta fita. Ni ma na yi dariyar, kafin buƙata ta kai ni wurinsa.

Mahaifina, Alhaji Bappa, manomi ne mai faɗa. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, ya koma keken guragu. Ƙugunsa ba ya jure a cusa shi kujerar mota. Muka ce mu kwantar da shi a bayan tsohuwar Fijonsa mai ƙofa a baya, ya ce shi ba gawa ba ne. Muka kawo a-kori-kura, ya ce shi ba buhun gero ba ne. Damina biyu ta wuce bai ga gonarsa ta Cinade ba. A ta uku ya daina tambayar ko an yi shuka, ya daina yi mana faɗa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Wannan shirun ya tsorata ni fiye da ciwon.

Wani maƙwabcinmu ya ce in je wurin Malam Sha'aban. Na je ba da son raina ba, da tef ɗin awo a aljihu, na karanta masa tsayin Baba a zaune, daga ƙasa zuwa tsakar ka.

"Da me ka auna shi a kansa?" in ji shi.

"Ba komai, Malam."

"To Najmuddeen, ka taɓa ganin Alhaji ya je gona kai ba malafa?"

Kunya ta kama ni. Ɗan da aka haifa a gidan ya manta, bare ya tuna. Da yamma ya zo gidanmu da karan dawa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya sa aka lalubo malafar a bayan ƙofa aka kaɗe ta. Ya ɗora masa, ya auna, ya karya karan daidai tsinin malafar. Baba bai cire ta ba har magariba.

Ranar da aka fara yankan rufin Fijon ina tsaye. Da injin yankan ya shiga ƙarfen sai da na juya baya, don a motar nan aka kai ni makaranta. Malam Sha'aban ya fara ɗaura ƙarafan ƙarfafawa ta ciki kafin ya yanke komai, wai kada mota ta saki jiki a hanya. Ya raba rufin falle biyu. Na bayan ya buga shi ya yi tudu kamar ƙwaryar da aka kifa, kuma ana sauke shi tun daga bakin ƙofar baya, a turo keken Baba kan katako har ciki, sannan a mayar.

Sai ranar bokiti. Ni na kwara. A na takwas ya buɗe ƙofa, ya nuna mini wani ɗigo a kafaɗarsa wanda bai kai ƙwayar wake ba.

"Malam, wannan ai ba komai ba ne. Damina tana tafiya."

"A kafaɗata ba komai ba ne. A kan Alhaji mura ce. Ka dawo jibi."

Na tafi ina ƙunƙuni, har na ce wa matata mutumin nan ya cika iyayi. Jibin ya sake robar gefe gaba ɗaya, na kwara goma, ya fito a bushe yana gyara hula.

Malam Sha'aban, kai ne mai yanka ba ɓarna. Kai ne ka ga abin da mu 'ya'yansa ba mu gani ba, cewa tsoho ba ɗauka kawai yake so ba, so yake ya tafi a zaune da mutuncinsa. Iyayin da na ce ka cika, na janye, a gaban kowa.

Ranar Asabar muka kama hanyar Cinade a hankali. Da muka tsaya a bakin gona, ni da ƙanena Yunusa muka kwance notuna muka sauke fallen biyu. Baba ya waiga gabas, ya waiga yamma. Gero ya kai gwiwa, ƙasa na ƙanshin ruwan jiya. Ya daɗe yana kallo, mu kuma muna kallonsa. Can ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna.

"Wane ne ya yi huɗar nan?"

Yunusa ya ce shi ne.

"Da idonka a rufe ka yi? Dubi kunya kamar tafiyar maciji. Kuma wa ya ce a sare mini kalgon kan iyaka?"

Ya yi rabin awa yana wanke mu tas. Yunusa yana sunkuye, ni ina goge hawaye ina dariya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka ci moriyar hutunka. Masu sana'ar hannu na ƙasar Katagum, ku leƙa wurinsa tun yana iya nuna muku, ku koyi duban mai mota kafin ku dubi motar. Ni kam a nan zan tsaya. Yau ma Asabar ce, Baba yana tsakar gida tun ɗazu, ga shi can yana ƙwala mini kira, yana tambaya ko sai gero ya nuna zan gama rubutun banzan nan in ɗauko sifana.