Sunayen da Ke Bayan Kujeru

A ɗakin taron garin Sainte-Aurélie kujeru arba'in da biyu ne, kowacce da suna a bayanta. Shekarar da aka gina ɗakin, kowane magidanci ya sayi tasa da ta matarsa, aka rubuta sunayen da jan fenti, kuma har yau ba mai zama a kujerar wani. Ko baƙo ne ya shigo ya nufi ta marigayi Ovila, sai tsofaffi su hau gyaran murya, ya miƙe tsaye bai san laifinsa ba.

Hermance Gareau ce ke riƙe da mabuɗin. Shekarunta saba'in da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki ta yi su tana sakatariyar ƙungiyar masu jin Faransanci ta garin, ba don an zaɓe ta ba, sai don rubutunta ya fi na kowa kyau. 'Yar firit ce, ga saurin baki. Kowace Alhamis takan buɗe ɗakin da hantsi ta ɗora miyar wake, a ci, a buga karta, a ci naman waɗanda ba su zo ba. A duk wannan yanki na Saskatchewan, nan kaɗai ya rage inda mutum zai yi faɗa da Faransanci a rama masa da Faransanci. Kanti Turanci, asibiti Turanci, coci ma Fadan da ake aikowa sau ɗaya a wata yana karanta addu'ar kamar mai tauna tsakuwa. 'Yarta da ke aure a birnin Calgary tana ji amma ba ta mayarwa. Jikokin kuwa, in ta yi musu magana a waya sai su yi dariya su miƙa wa uwarsu.

Lokacin da Hermance take 'yar shekara bakwai, an hana koyar da Faransanci a makaranta, don haka a bakin taga malamarsu ke zaunar da ita. Aikinta shi ne in ta hango motar sufeton makarantu ta yi tari sau biyu, littattafan Faransanci su shige ƙarƙashin riguna kafin ya taka ƙofa. Sai ga shi da tsufanta, gwamnatin da aka koya mata ɓoye wa harshen ita ce ke aiko fom kowace kaka bayan an girbe alkama, wai a nuna mata shi ta ba da tallafi. Da tallafin nan ake ɗumama ɗakin taron duk tsawon sanyi. In babu shi famfuna su daskare su fashe, sai dai a garƙame ƙofa. Sharaɗin kuma ɗaya ne: ƙungiya ta kai mutum ashirin masu jin harshen.

Hermance ba ta taɓa zama ta ƙudura yin ƙarya ba, wannan kam zan iya rantsewa. A ɗakin take cika fom ɗin, ranar Laraba in ta gama shara, tana bin kujeru tana kwafe sunaye. Shekarar da Ovila ya rasu su ashirin ne cif da shi, kuma ta riga ta rubuta shi kafin a binne shi. Ta ce ai ya ci shekarar tare da su, ta bar shi. Da shekara ta zagayo ta iso kujerarsa, hannunta ya rubuta da kansa. Haka aka yi da Ozéline mai waƙar coci, haka aka yi da tagwayen gidan Lepage. Shekara shida da suka wuce aka tsinci mijinta Adélard kwance a gona kusa da tarakta. Shi kam ko tunanin cire shi ba ta yi ba.

Yanzu masu rai goma sha ɗaya ne. Amma kowace Laraba in tana kiran sunayen nan a fili ita kaɗai, takan ji ɗakin ya yi nauyi kamar ranar biki kafin a fara kiɗa, har takan rage murya in ta zo wucewa ta layin baya. Abin yana ba ta tsoro. Kuma duk mako ba ta da lokacin da take so kamarsa.

Kowa ya sani, ba mai faɗa sai Télesphore, ƙanin Adélard, wanda bakinsa ba ya da linzami.

"Matar yaya, bana ma mu ashirin ne?" ya ce wata Alhamis, yana tsoma burodi a miya.

"Ashirin cif."

"To ki gaya wa Ovila shi ne da rabon karta. Shekara tara ina jira ya raba."

"Kai dai ci miyarka, tsohon banza. In aka rufe nan wa za ka riƙa shara wa ƙarya? Karenka?"

"Ina! Karen ma Turanci yake ji, jikana ya lalata shi."

Aka kwashe da dariya, sannan dariyar ta mutu da wuri, kowa ya sunkuya kan kwanonsa.

Fom ɗin bana ya zo da sabon gurbi: lambar wayar kowane mamba. Hermance ta daɗe tana kallon gurbin. Lambobin nan duk suna kanta, ta shekara talatin tana buga su tana tuna wa mutane ranar taro. Ta rubuta wa kowa tasa kamar yadda take da yana raye. A gaban sunan Adélard ta sa ta gida.

Ranar wata Talata da hantsi, dusar ƙanƙarar farko na sauka, tana kwaɓa fulawa, wayar bango ta yi ƙara. Muryar wata yarinya ce, da Faransanci tas.

"Barka da hantsi. Solange Chénier ce daga ofishin tallafi. Don Allah ko zan iya magana da Monsieur Adélard Gareau?"

"Ya ɗan leƙa gareji."

Ba ta shirya amsar ba. Bakinta ne ya faɗa, kamar yadda ya shekara arba'in da shida yana faɗa. Har ta juya ta dubi ƙofar baya, inda hularsa ke rataye.

Yarinyar ta ce a hankali, "Madam, tun safe nake bin lambobin nan. Biyar an yanke su. Wata kuma wani mutum ne ya ɗauka, ya ce mini da Turanci shekararsa bakwai a gonar, bai san mai sunan ba."

Hermance ta zauna, hannunta duk fulawa.

"Sun rasu, 'yata. Su tara."

"Har da shi?"

"Shekara shida a watan Agusta."

Ta ji yarinyar ta ja numfashi. "Ba zan rubuta abin da zai jawo miki fitina ba, Madam. Zan ce an gyara jerin suna. Amma da mutum goma sha ɗaya fom ɗin ba zai wuce ba. Na duba ta kowace hanya, wallahi ba ni da yadda zan yi."

"Na sani."

Ta sani kuwa. Ta hango jibi Alhamis, yadda za ta tsaya a gaban mutum goma ta ce musu wannan ce miyar ƙarshe. Ta hango Télesphore zaune da karensa, da kujerun nan arba'in da biyu a cikin sanyi ba mai kiran sunansu. Baƙin ciki ya kama ta, amma ba shi ne ya hana ta ajiye wayar ba.

"Madam? Kina ji na?"

"Ina ji. Kafin ki ajiye, 'yata, ki yi mini alfarma ɗaya."

"In dai zan iya."

"Shekara shida ba wanda ya bugo gidan nan ya nemi mutumin nan. Sake tambayata shi, yadda kika yi ɗazu."

Sai yarinyar ta maimaita.

"Barka da hantsi. Don Allah ko zan iya magana da Monsieur Adélard Gareau?"

Hermance ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta juya wajen ƙofar baya.

"Adélard! Waya!"

Ta tsaya tana saurare.