Tumatirin da Ya Hau Katanga

Almakashi na hannuna, ina tsakiyar yanka wuyan riga, sai babban ɗan Mai Agogo ya tsaya a ƙofar shagona ya kasa shigowa. Ya ce, "Baba Tela, Baba ya cika." Na ajiye almakashin. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara faɗo mini a rai katangar gidansu ce.

Bango ɗaya ya raba shagona da na Mai Agogo tun muna samari. Mutum ne marar hayaniya, kullum gilashi manne a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshin agogo da hantsaki. Matarsa ce mai baki. Wata damina wani tsiro ya fito a gindin katangarsu, inda tsuntsaye ke sauka, ta rantse tumatir ne. Ta kewaye shi da duwatsu tana ba shi ruwa safe da yamma. Tsiro dai ya ƙi tsayawa inda tumatir ke tsayawa. Ya kama katanga ya hau, ya bi igiyar shanya, ya yi fure shunayya, daga baya ya zubo 'ya'ya jajaye gungu-gungu kamar murjani.

Mai Agogo ya sa gilashinsa, ya jera furen da na tumatir a tafin hannu. Ya ce matarsa ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, dangi ne, kowanne kunne biyar kamar tauraro da tsinin rawaya a tsakiya. Har bayan shago ya ja ni ya nuna mini sauran dangin: gautan kaji mai farin fure da baƙaƙen 'ya'ya, wanda ba ya hawa komai, da gautan kura mai ƙaya. Nata kuwa mai hawa ne, ganyensa a tsattsage, kuma wani mai lambu ya faɗa masa 'ya'yansa dafi ne, musamman ga yaro. Tun daga ranar yake kiran ta Sarauniyar Tumatir. Ita kuma takan ce nata dai ya yi inuwa, agogonsa me ya taɓa yi wa mutum ban da tsoratarwa? A inuwar nan take zama har Allah ya karɓi abarsa.

Bayan rasuwarta 'yar jikarsa ta fara tafiya, komai ta gani sai baki. Rannan surukarsa, uwar yarinyar, ta ɓamɓare hannunta ta tarar da ɗaya daga cikin jajayen 'ya'yan nan. Nan take ta ce a sare tsiron. Bai yi musu ba, ya san da gaskiyarta. Roƙon ta ya yi ta bar masa furen, shi zai ji da 'ya'yan.

Haka ya koma kowace safiya yana jingina tsani, da hantsakinsa da gwangwanin madara, yana tsinke 'ya'yan tun suna kore. Surukar kuma ta bi ƙasa da tsintsiya. Masu kawo gyara suka riƙa tsokanar sa, wai mai agogon da bai san lokacin buɗe shago ba. Shekaru aka yi ba a ga ja a katangar nan ba.

Da ƙafafunsa suka kumbura, ni na gaji tsanin. Yana kwance a tabarma yana ba ni umarni, wai idon da ke zura zare a allura ya kasa ganin abu kamar ƙwayar wake. Ranar da na gan shi ta ƙarshe, na sauko na tarar yana juya wani abu a yatsunsa. Ja ne, ya faɗo gefen tabarmarsa, inda yarinyar ke wasa. Ni na tsallake shi wajen tsinka.

Ya ce a sare. Na ce zan ƙara sa ido, kullum zan zo.

"Tela, gwiwarka ma ta gaji. Yarinya ba ruwanta da tsufanmu." Ya daɗe yana kallon furen. "Amma ka bari sai na tafi, kada in gani."

Don kada in yi kuka na ce, "Da me zan sare, da almakashi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai dai ka tono har saiwa, ɗan'uwa. Sarauniya ba za ta yi fushi ba, jikarta ce."