Tulun da Na Cika da Ruwa

Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinmu da ke Agege. Ƙaramin coci ne a bayan masu sayar da katako, inda mu 'yan kudancin Kaduna muke sujada da Hausa. Tulun na ƙasa ne, irin na ɗiban ruwa, sai dai ba a zuba masa ruwa. Soso ake naɗewa a riƙa dukan bakinsa, shi kuma ya ba da murya mai kauri, dum, dum, mata su ɗora waƙa a kai. Na ƙarfe da 'yan walda ke ƙerawa a Legas kuwa, ni a wurina gwangwani ne kawai.

Maigidana ne ya kawo mini nawa daga gida. Motar tumatir ya biyo har kasuwar Mile 12, yana rungume da shi a cinya, direba na ta yi masa tsiya wai ko jariri ba a riƙe shi haka. Gadi yake yi a Obalende. Wata safiya ya taso daga aiki, motar haya ta danfo ta kwashe shi a bakin titi. Direban tumatir ɗin nan dai, Musulmi ne, shi ya ɗauki akwatin gawar a motarsa da za ta koma Arewa ba kaya.

Da na dawo daga zaman makoki ban daina zuwa coci ba. Ina zuwa da zanen zumunta a goge, ina motsa baki in an ɗauko waƙa. Amma fushi nake yi da Allah, fushi ba na wasa ba. Mutumin da ko ruwa zai sha sai ya rufe ido ya yi godiya, a ce a titi zai ƙare kamar kaza? In an ce a yi addu'a, ni tunanin miyar da zan dafa nake yi. Na ce wa mata hannuna ke ciwo, na ɗauke tulun na kai ɗaki. Da zafi ya matsa sai na cika shi da ruwan sha. Na ce ko ba komai ya yi amfani.

Uwar zumuntarmu tsohuwa ce mai sayar da kunu a bakin tasha, kowa Mama yake ce mata. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don na tanadi amsa tana jira a bakina. Sai dai ta shigo ɗakina, ta ɗebi ruwa a tulun ta sha, ta yaba sanyinsa, ta tambayi hannu. In ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Shekaru muka yi a haka.

Wata damina ciwo ya kayar da ita. Aka kai ta babban asibiti a Idi-Araba, daga baya likitoci suka ce a mayar da ita gida. Kowa ya gane abin da suke nufi. Mata suka shirya ran Lahadi bayan sujada za mu taru a ɗakinta mu yi mata waƙa. Da na je dubiya, ta kama hannun nan nawa tana jujjuya shi.

"'Yata, kunnena ya gaji da gwangwani. Ina so in ji tulunki kafin in tafi. Ba ni za ki buga wa ba, kin san wanda ake buga wa. Ni saurare kawai zan yi."

Na koma ɗaki na tuntsurar da ruwan a kwata, na naɗe soso na buga. Ɓut, kamar an doki buhun gari. Ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi. Tulu sai ya bushe har ciki yake magana, kuma rana ce kaɗai ke busar da shi, in aka kai shi kusa da wuta tsagewa zai yi. To ina rana a Legas da damina? In fitar da shi, hadari ya haɗo, in kwasa a guje in shigar. Maƙwabciyata Bayarabiya har dariya take yi, wai ko jegon tulu nake yi.

A tsakar gidan nan, ruwa na dukana, na yi addu'ata ta farko tun rasuwar maigidana. Ba mai daɗin ji ba ce. Na ce, "Ubangiji, ban huce ba, kai ma ka sani. Amma ka ba ni rana, don tsohuwar nan."

Rana ba ta fito ba. Ran Juma'a da hantsi Mama ta huta.

Al'adarmu ce, in za a tafi da gawa gida, mata su raka ta tasha da waƙa har mota ta tashi. Na ɗauko tuluna da danshinsa. Wata ta miƙo mini na ƙarfe, na ce ta ajiye kayanta. Na durƙusa a taɓo na fara bugu. Muryar ba ta fita, ɓut, ɓut, sai matan suka sassauta tasu don a ji shi. Ina bugu ina kuka, kuma a wurin na gane ba motsa baki nake yi ba. Da Allah nake magana, da fushina da komai, ban rage masa ko kaɗan ba. Na gaji da zama nesa da shi, iyakar abin da na sani ke nan.

Da rani ya shigo tulun ya bushe, muryarsa ta dawo tsaf. Duk Lahadi ina bugawa, mata suna cewa ya fi da daɗi. Na san wanda nake buga wa. Amma har yau in na ɗaga soso sai na kalli bencin gaba, inda Mama ke zama. Sau ɗaya ta roƙe ni abu a duniya, kuma ba ta ji shi ba.